Rubutu da Wuta a Kan Mariƙin Murhu

A jikin murhun gasa nama, wuri ɗaya tak aka keɓe wa hannun ɗan Adam. Kaskon da ke riƙe da gawayi na ƙarfe ne, ragar da ake shimfiɗa nama a kanta ta ƙarfe ce, murfin ma haka, kuma da zarar garwashi ya kama sosai babu ɗayansu da zai yarda a taɓa shi. Abin da ya rage shi ne ɗan guntun katakon da ke saman murfin, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Nan ake kamawa a ɗaga, nan ake kamawa a mayar. Wanda ya shekara talatin yana gashi a murhu guda, wannan guntun katakon ne kaɗai ya san tafin hannunsa.

A Amurka, inda gasa nama a farfajiyar gida ya zama al'adar ƙarshen mako da ta ranakun hutu irin su 4 ga Yuli, wata ƙaramar sana'a ta tsiro a kan wannan guntun katako. Ana sassaƙa sabon mariƙi a madadin wanda ya ruɓe, sannan a kai shi ga na'urar leza ta rubuta masa suna, ko shekara, ko wata 'yar magana. Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikin minti biyu ne, kuma ta fuskar agogo bai yi ƙarya ba. Sai dai rubutun leza ƙuna ce, ƙunar da aka auna aka tsayar da ita a iyakar harafi. Halin da ya sa katako ya dace da zama mariƙi, wato nawarsa wajen isar da zafi, shi ne dai halin da ya ba wuta damar yin rubutu a kansa ba tare da ta cinye shi ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin. Sauran rabin shi ne sanin abin da ya cancanci a rubuta a wurin da ba a gogewa.

Daga alamar jirgin ruwa zuwa murhu

Murhun da ya fi shahara a wannan fage shi ne mai siffar ƙwallo na kamfanin Weber. A 1952 wani ma'aikacin masana'antar Weber Brothers Metal Works da ke Shikago, mai suna George Stephen, ya gaji da buɗaɗɗen murhun bulo wanda iska ke watsa tokarsa cikin nama, ruwan sama kuma ya kashe shi. Masana'antar tana ƙera wasu ƙwallayen ƙarfe masu yawo a kan ruwa, waɗanda ke nuna wa jirage hanya. Sai ya raba ɗaya gida biyu, ya mayar da shi kasko da murfi, ya sa masa ƙafafu uku, ya huda masa kafofin shan iska. Samfurin da aka fi sani faɗinsa inci 22 da rabi ne, kimanin santimita 57, jikinsa kuma lulluɓe yake da irin fentin tangaran ɗin da ke jikin langa, wanda aka gasa har ya manne wa ƙarfen. Wannan rufin ne ke sa murhun ya shekara da shekaru a waje tsatsa ba ta ci ƙarfinsa ba. Kamfanin ya daɗe yana sa wa murfin mariƙin katako, kafin a wajajen 2000 ya koma na roba mai jure zafi. Don haka wanda ya gaji tsohon murhu yakan tarar da ƙarfen garau, katakon kuwa ya tsage, ya yi furfura, ko ya zube baki ɗaya.

Haka ya faru da wata malamar firamare a wata unguwa da ke wajen Shikago. Bayan rasuwar mahaifinta, da aka zo raba kayan gida, 'yan'uwanta suka zaɓi abin da ke da kuɗi, ita kuwa ta nemi murhun. Baƙi ne, mahaifin ya saye shi tun tana ƙarama, kuma mariƙin murfinsa ya daɗe da darewa, sai waya da aka ɗaure shi da ita. A garejin gidan ta tsinci abu biyu. Na farko guntun katako ne, ragowar wani benci da ya taɓa yi da hannunsa. Na biyu wani kati ne maƙale a bango, inda ya rubuta da biro yadda ake gasa talotalon bikin godiya na watan Nuwamba. A ƙasan katin ya ja layi ƙarƙashin kalmomi uku na Turanci, waɗanda ma'anarsu ita ce kada a ɗaga murfin.

Gargaɗin yana da tushe. Irin wannan murhu tanda ce: zafi yana zagayawa a ƙarƙashin murfin ya dafa naman ta ko'ina, kafofin iska kuma su ne ke daidaita ƙarfin wutar. Duk ɗagawa ɗaya tana zubar da zafin da ya taru, ta kuma ba garwashi iskar da zai tashi da ita. Dattijon ya shekara talatin yana faɗa wa 'ya'yansa haka, su kuma sun shekara talatin suna leƙawa idan ya juya baya. Malamar ta ƙudurta cewa a kan sabon mariƙin za a yi rubutu, kuma da katakon mahaifinta za a yi shi. Katakon zai isa mariƙi ɗaya, da ɗan saura wanda bai kai rabin tafin hannu ba.

Yadda haske ke zama alƙalami

Ƙarfe mai tsegumi ne: duk zafin da ya samu a wannan gefe, nan da nan ya kai shi wancan. Katako kuwa mai riƙe sirri ne. Idan aka auna, baƙin ƙarfe yana isar da zafi fiye da sau 200 a kan busasshen katako, domin jikin itace cike yake da 'yan ƙananan ramuka masu riƙe iska, iska kuma ba ta kai zafi nesa. Shi ya sa mai tuƙa tuwo ke zura muciya cikin tafasasshen ruwa hannunta lafiya lau, shi ya sa kuma murfin da cikinsa ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas ake iya ɗaga shi ta wurin katakonsa.

Leza haske ne, amma horarre. Hasken fitila yana watsuwa ko'ina da launuka a cakuɗe, na leza kuwa launi ɗaya ne mai tafiya a jere ta fuska ɗaya, saboda haka ana iya tattara shi a ɗigo ƙanƙani. Theodore Maiman ne ya fara kunna irinsa a ranar 16 ga Mayu, 1960, a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya. A 1964 Kumar Patel, haifaffen Indiya da ke aiki a Bell Labs, ya samar da nau'in da ke amfani da iskar kabon-dayoksaid, kuma jikokin wannan nau'i ne suka cika shagunan zane a yau. Ido ba ya ganin haskensa, domin tsawon zangonsa maikiromita 10.6 ne, can bayan launin ja, a yankin da fata ke ji a matsayin zafi. Katako da takarda da fatar jima suna shanye shi ƙwarai.

A cikin na'urar akwai dogon bututun gilashi inda ake haifar da hasken, da madubai masu juya shi daga lungu zuwa lungu, da wani ɗan gilashi a ƙarshe mai tattara shi. Ƙarfin irin wadda ake ajiyewa a ƙaramin shago yakan kama daga wat 40 zuwa 60, daidai da tsohon ƙwan lantarki na ɗaki. Sirrin yana wurin tattarawa. Duk ƙarfin nan ana tara shi ne a ɗigon da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kuma a wannan ɗigon ƙarfin hasken ya ninka na ranar tsaka fiye da sau miliyan ɗaya. Yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana ya riga ya ga ƙaramin misalin abin.

Idan ɗigon ya sauka a kan katako, abin da ke faruwa shi ne abin da ke faruwa a ramin masu gawayi, sai dai cikin ƙiftawar ido. Zaruruwan itace da dankon da ke haɗe su suna fara wargajewa daga wajen digiri 200, zuwa digiri 300 kuma sun zama gawayi. Wani ɓangare ya tashi ya zama hayaƙi ya bar rami, wani ya tsaya a gindin ramin ya zama baƙi ko ruwan ƙasa. Ramin da launin su ne harafin. Tun da katakon ba ya kai labarin zafin ga maƙwabta, abin da ke gefen layin da tazarar gashin kai yana nan fari. Idan aka ɗora goge-gen ƙarfe a ƙarƙashin wannan na'ura kuwa, zai mayar da mafi yawan hasken, ya watsa sauran zafin a jikinsa, ya fito babu ko tabo.

Masu zanen ƙwarya a ƙasar Hausa da ta Fulani sun daɗe da sanin wannan hali. Wuƙar da aka zafafa a garwashi tana barin baƙin layi a bayan ƙwarya, layin kuma ba ya yaɗuwa. Bambancin shi ne wuƙa tana hucewa tana tafiya, mai zane yana ji a hannunsa, ya rage sauri ko ya mayar da ita wuta. Leza ba ta hucewa, ba ta kuma jin komai. Abin da aka faɗa mata kafin a danna maɓalli shi za ta yi, ko daidai ne ko kuskure.

Katako ba takarda ba ne

Malamar ta kai katakon da katin wurin wani tsohon kafinta da ya ƙara na'urar leza a shagonsa. Kafin ya tambaye ta abin da za a rubuta, sai ya tambaye ta daga ina katakon ya fito, ko an taɓa yi masa fenti, ko an jiƙa shi da magani. Tambayar ta lafiyar huhu ce. Shekaru da yawa a Amurka ana jiƙa katakon dandamali da na shinge da wani maganin hana ruɓewa mai ɗauke da gubar arsenik, wanda ke ba shi wani launi kore-kore, kuma sai a ƙarshen 2003 aka daina amfani da shi a gine-ginen gidaje. Ragowarsa tana nan jibge a gareji da yawa, kuma hayaƙinsa guba ne. Haka robar PVC, wadda idan leza ta ƙona ta take fitar da iska mai cin huhu da ƙarfen na'urar gaba ɗaya. Ko hayaƙin lafiyayyen katako ma sai an ja shi da fanka an fitar waje, kuma ba a barin na'urar tana aiki babu mai tsaro, domin tsakanin zane da gobara tazarar kaɗan ce.

Katakon ya zama na mafal, itacen da ganyensa ke kan tutar Kanada, kuma babu abin da aka taɓa shafa masa. Wannan sa'a ce ta wani ɓangare. A ƙasashe masu sanyi itace yana girma ne da zobe-zobe: a farkon kakar girma yana yin sako-sakon jiki mai laushi, daga baya ya yi matsattse mai tauri. Leza tana zuba wa duka biyun ƙarfi ɗaya, sai ta nutse a mai laushin ta tsaya sama a mai taurin. A itacen fayin, mai ganye kamar allura, bambancin yana da yawa har gindin harafi yakan fito da kunya-kunya kamar gona. Itacen ok, wanda Turawa suka daɗe suna ƙera jiragen ruwa da shi, yana da manyan kafofi masu kakkarya siririn layi. Mafal kuwa jikinsa sumul yake, fari, zobensa bai cika bambanta ba, don haka baƙin harafi yana fitowa a kansa tar.

Ta ɗaya ɓangaren, kafintan bai ɓoye mata ba: mafal ba ya jure damshi. Farin ok da tik sun fi shi daɗewa a waje nesa ba kusa ba, kuma da sabon katako za a saya, da ɗayansu zai ba da shawara. Itacen da ya fi karɓar rubutu ba shi ne ya fi jure ruwa da rana ba, kuma mai wannan aiki dole ya zaɓi abin da zai sadaukar. Ta zaɓi na mahaifinta, da sanin cewa ta ɗaukar wa kanta hidima ta kowace shekara.

Iyakar gyaran rubutun hannu

Da farko ta so a sa cikakken sunansa, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, sannan gargaɗin a ƙasa. Kafintan ya zana girman mariƙin a takarda ya miƙa mata ta gwada. Wurin da za a iya rubutu bai fi faɗin yatsa biyu ba, tsawonsa kuma bai kai taƙi ba. Idan aka cusa layi uku a ciki, kowane harafi zai zama kamar ƙwayar gero, ƙuna kuma ba ta da ladabin tawada: gefenta yana ɗan cin gaba, hayaƙi yana rina kewayenta, cikin ƙananan haruffa irin su e da a da o yana toshewa su koma ɗigo. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta soke sunan da shekarun. Dutsen kabarinsa ya riga ya ɗauki wannan nauyi. Abin da babu shi a ko'ina shi ne kalmomin nan uku da rubutun hannunsa.

A nan aikin ya fi wuya. An ɗauki hoton katin a kwamfuta, an cire launin takardar da tabon maiƙo, an bar baƙi da fari kawai: inda za a ƙona da inda za a bari. Sai dai layin biro siriri ne, kuma inda dattijon ya ɗaga hannu a ƙarshen harafi, wutsiyar layin ta sirance har ta kusa ɓacewa. Idan aka ƙona shi yadda yake, jijiyar katako za ta haɗiye rabinsa. Dole a ƙara wa layin kauri, a buɗe cikin haruffan da suka matse. Tambayar ita ce, gyara nawa rubutu zai ɗauka kafin ya daina zama na mai shi?

Kafintan ya buga mata samfuri uku a takarda. Na farko shi ne ainihin rubutun. Na biyu an ƙara masa kauri kaɗan, an bar komai yadda yake. Na uku kwamfuta ce ta miƙe masa layuka, ta share karkarwar da ta shiga hannun dattijon a shekarunsa na ƙarshe, ta daidaita tsayin haruffa. Na ukun ya fi kyau a ido, kuma shi masu saye suka fi zaɓa, in ji kafintan. Malamar ta ce ba ta san mai wannan rubutu ba. Ta ɗauki na biyu, da karkarwarsa, da harafin ƙarshe da ya zame ƙasa da layi.

Mai son a zana masa kalmar Hausa zai gamu da danginsa wannan matsala a ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani salo ko ta bar akwati fanko, kuma ko an same su, ƙugiyar ce mafi sirantar sashen harafin, ita ce ta farko da wuta za ta haɗiye. Tsakanin baƙi da baki babu komai sai wannan 'yar lanƙwasa, don haka a duba ta a kan guntun gwaji kafin a taɓa ainihin katakon.

Minti biyu

Tsarin aikin yana da jeri. A fara sassaƙa mariƙin, a huda ramin noti, a goge da samfefa har ya yi sumul, sannan a yi rubutu, mai kuma ya zo a ƙarshe. Irin wannan mariƙi gida biyu ne, sama da ƙasa, suna rungume da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke jikin murfin, kuma a kan na saman ake rubutu. Matsalar ita ce samansa a ƙundume yake domin ya cika tafin hannu, hasken leza kuwa a tazara ɗaya kaɗai yake da kaifi. Gilashin da aka fi amfani da shi yana tattara hasken a nisan inci 2, kuma idan katakon ya kauce daga nan da milimita kaɗan, ɗigon ya buɗe, layin ya yi kauri ya dushe. Akwai na'urar da ke juya abu mai da'ira a ƙarƙashin hasken, akwai kuma gilashi mai dogon zango da ya fi yafe kuskure. Kafintan ya bi hanya mafi sauƙi: ya bar wani shafaffen fili a ƙoƙuwar mariƙin, daidai faɗin haruffan, ya ƙundume gefe da gefe kawai.

Daga nan ya sa na'urar ta yanka siffar mariƙin a jikin kwali, ya kafe kwalin, ya zura mariƙin a gurbin, domin kwamfuta ta san ainihin inda yake. Ya manna salatef na takarda a fuskar katakon, wanda hasken zai huda ya wuce, tabon hayaƙi kuma ya tsaya a kansa. Sauran guntun nan da bai kai rabin tafin hannu ba, a kansa aka yi gwaji: jerin 'yan murabba'ai, kowanne da saurinsa da ƙarfinsa. Ƙarfi mai yawa yana haƙa rami mai zurfi ya ƙona gefensa. Sauri mai yawa yana barin layi fari-fari wanda ba a gani daga nesa. Gwajin da aka yi a wani katako daban ba ya amfani, ko da sunan itacen ɗaya ne, domin damshi da tauri sun bambanta daga allo zuwa allo. Suka zaɓi murabba'in da ya ba da ruwan ƙasa mai duhu da zurfin kusan rabin milimita, sannan suka gwada harafi mafi siranta a ɗan wurin da ya rage.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma ta wuta ta fi kowace. Harafin da ya karkace ba ya goguwa sai an kankare fuskar katakon gaba ɗaya har gindin ramin, mariƙin da ya riga ya kai girmansa kuwa ba shi da rabin milimitar da zai bayar. Saboda haka kafintan ya sa wani jan ɗigon haske marar zafi ya zagaya iyakar rubutun sau biyu, suka tabbatar bai karkata ba, bai kuma juye ba idan aka tsaya ta inda mai gashi ke tsayawa. Sannan ya rufe na'urar ya danna.

Kan na'urar yana kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙi, yana sauka layi bayan layi, ɗaruruwan layuka a kowane inci, wata 'yar iska kuma tana hura wurin don kada harshen wuta ya tashi. Haruffan ba sa fitowa yadda hannu ya rubuta su, daga hagu zuwa dama. Kawunansu ne ke fara bayyana gaba ɗaya, sannan cikkunansu, sannan ƙafafunsu, kamar mutanen da ke fitowa daga ruwa. Ɗan ƙamshin da ya tsere wa fanka na ƙonannen itace ne, irin wanda murhun kansa ke yi. Kafin a taɓa mariƙin sai da aka duba shi a inda yake, domin idan zurfin bai isa ba ana iya maimaitawa muddin bai motsa ba. Ya isa. Aka ɓare salatef ɗin, aka share ramukan da buroshi mai laushi, aka shafa mai. Farin katakon ya koma launin zuma, haruffan suka ƙara duhu.

Abin da rana da hannu za su yi

Daga ranar da aka ɗaura mariƙin a murfi, abubuwa uku suka fara aiki a kansa. Rana tana wargaza dankon da ke haɗe zaruruwan saman katako, ruwan sama ya wanke shi, abin da ya rage ya yi furfura. Zafin murfi yana busar da ƙasan mariƙin yayin da raɓa ke jiƙa samansa, wannan ja-in-ja kuma ita ce ke haifar da tsagewa. Hannu kuma yana gogewa. Baƙin da ake gani a sabon zane gawayi ne, gawayi kuwa ba ya da riƙo, a hankali zai tafi. Abin da ke daɗewa shi ne zurfin, shi ya sa rubutun da aka yi sama-sama don ya yi kyau a hoto yakan ɓace cikin 'yan shekaru, wanda aka nutsar kuwa yana nan. Da tafiya ta yi tafiya, maiƙon hannu da ƙura da hayaƙi su ne ke cika ramukan su mayar musu da duhunsu.

A wajen kariya ma akwai zaɓi. Shafe mai sheƙi da ke yin ɓawo a saman katako yana tare ruwa sosai, amma zafi da sanyi suna fasa shi, ruwa ya shige ta tsagar ya maƙale, kuma gyaransa sai da samfefa, wadda ke rage zurfin haruffan duk lokacin da ta wuce. Man da ke nutsewa cikin katako ba ya ɓarewa, sai dai yana ƙarewa, dole a sabunta shi. Malamar ta zaɓi mai. Duk ƙarshen kaka, kafin dusar ƙanƙarar Shikago ta sauko, tana kwance notin ta shigar da mariƙin ɗaki, ta shafe shi, ta ajiye har bazara. Aikin minti goma ne, kuma shekarar da aka manta, katakon zai nuna.

Akwai wani abu game da wurin da rubutun ya zauna wanda babu wanda ya tsara shi. Haruffan suna daidai inda tafin hannu ke sauka. Mai ɗaga murfi ba zai iya karanta su yana ɗagawa ba, domin hannunsa ya rufe su. Yana ganinsu ne a ɗan lokacin nan da ya miƙa hannu bai kai ba, lokacin da ƙamshi ya ja shi, zuciya kuma ta ce masa leƙawa ɗaya ba za ta ɓata komai ba. Idan ya ƙi ji ya kama, ramukan haruffan suna nan a ƙarƙashin fatarsa, da karkarwar dattijon a cikinsu. Ƙannen malamar da 'ya'yansu har yanzu suna ɗagawa, amma sukan ɗan tsaya tukuna.